Yadda Ƙofar Sauri Ta Hana Ni Rifos

Tun da aka zagaye birnin Katsina da ganuwa, ba a taɓa zaluntar wani bawan Allah kamar yadda mutanen Ƙofar Sauri suka zalunce ni ba. Na tambayi tsofaffi, babu wanda ya tuna irinsa. Da ana kai unguwa ƙara, da tuni na maka tamu a kotu gaba ɗayanta: maza, mata, liman, ladan, har da awakin da ke yawo a lungu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da lemo da ayaba aka yi mini wannan ta'asa, ana yi ana ce mini sannu.

Ni ne Babaji Dillali. In ka taɓa sayen fili ko ka kama hayar gida tsakanin Ƙofar Sauri da Kambarawa, to ko dai ta hannuna ka bi, ko kuwa an cuce ka. Bakina shi ne jarina. Ni ne na sayar da filin nan mai kududdufi a tsakiya, na nuna wa mai sayen cewa ya huta da haƙa rijiya, ya tafi yana sa mini albarka. Ban yi boko mai nisa ba, amma duk wanda ya ga yadda nake kafa hula ya san Allah ne kawai bai nufa in zama kwamishina ba.

Asalin abin daga wani Dakta Nu'uman ne, malamin jami'a da ya yi ritaya ya dawo gida yana neman inda zai zauna. Na nuna masa gida kusa da kasuwa, ya girgiza kai. Na nuna masa wani a bakin titi, ya toshe kunne. Da na kai shi wani a ƙarshen layi can Kambarawa, mai itacen mangwaro a tsakar gida, sai ya tsaya cak, ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya ce, "Yauwa. Repose."

Dillali ba ya nuna bai san abu ba. Na ce, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe. Akwai shi da yawa a gidan nan."

Ya buɗe ido ya dube ni. "Ka san kalmar ke nan, Malam Babaji?"

"Na san ta, amma na fi son in ji ta daga bakin masu ita."

Ya yi murmushi ya ce, "Hutu ne haɗe da natsuwa. Jiki ya kwanta, rai ya kwanta, babu hayaniya. Su kansu Turawa ba kullum suke faɗinta ba, sai a littafi ko a babban taro."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta kama ni. Kalmar da Turawa ke ɓoyewa sai ranar taro, ga ta a hannuna kyauta! Na sa ya maimaita mini har ta zauna a bakina: rifos. Tun daga Kambarawa har gida ina bisa babur ina juya ta a harshe kamar alawa.

Bayan la'asar na kai ta majalisarmu, wadda ke zama a kan benci a ƙofar shagon Tanko Tela. Tanko abokin hamayyata ne tun muna yara. Tsawonsa bai wuce aljihun rigata ba, amma harshensa ya fi almakashinsa kaifi. Na zauna, na gyara hula, na bayyana musu kalmar dalla-dalla yadda Dakta ya faɗa, har da lumshe ido.

Tanko ya cire allura daga baki ya ce, "To mu da muke cewa hutu, mi ya rage mana?"

Na ce, "Hutu na kowa ne, Tanko. Jaki ma yana hutu. Ka taɓa ganin jaki yana rifos?"

"Ban taɓa ba. Amma ga alama na kusa."

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don na san hassada ce.

Akwai mutum ɗaya da bai yi dariya ba, Alhaji Sagiru mai hatsi, maƙwabcinmu. Ya matso ya ce, "Babaji, wane Dakta ka ce? Nu'uman da zai tare a Kambarawa? Ai ɗiyarsa Halima ce yaron wajena Mudassir ke so, ita ma tana son shi. Ranar Asabar za a je neman aure. Ni tsoron gidan 'yan boko nike. Kada mu je mu yi magana su riƙa kallonmu kamar mun zo sayar da dawa."

Duk unguwa an san Tanko ne ke jagorantar neman aure. Shi ke yin magana, shi ke miƙa goro, shi ake ba kujerar tsakiya. Shekaru nake kallon kujerar nan ina haɗiyar miyau. Na ce, "Alhaji, Dakta ai mutumina ne. Ni da shi in muka zauna, rabin hirar da Turanci muke yi."

Nan take Alhaji ya yanke hukunci: ni zan yi magana ranar Asabar. Ya aika gida aka ɗauko shadda ruwan sararin samaniya, mai ƙyalli har tana kashe ido, ya miƙa wa Tanko ya ce a ɗinka wa mai magana babbar riga. Ku duba ikon Allah: Tanko ne zai zauna ya ɗinka rigar da zan hau kujerarsa da ita. Ya karɓa yana taunar leɓe.

A hanyar gida wani tunani ya zo mini, irin wanda sai manyan mutane yake zo wa. Mutum kamar Dakta, in na faɗi kalmar nan a gabansa alhali ban taɓa ɗanɗana ta ba, zai gane a fuskata. Dole in yi rifos na gaske kafin Asabar, in isa Kambarawa fuska sumul, rai kwance, ina magana a hankali kamar mai zuba zuma.

Da safe na kira matata Hajo na yi mata bayani.

Ta ce, "To ai kullum kana yi in ka ci tuwo."

"Wancan barci ne, Hajo. Barci ko akuya tana yi."

"Allah ya ba da sa'a. Cefanen fa?"

"Mai rifos ba ya cefane."

Na ja katifa zuwa ɗakin da ke cikin zaure, na sa farar jallabiya, na fesa turare, na kashe waya. Na kwanta rigingine, na harɗe hannuwa a ƙirji, na lumshe ido kamar Dakta. Jiki ya fara kwanciya. Rai ma ya ɗauko hanya.

"Salamu alaikum!"

Ladan ne, ya zo aron tsani. Musulmi ya yi maka sallama a ƙofar gidanka, ba ka da yadda za ka yi. Na fito. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya kasuwa, ya zafi, ya muka ji da tsadar nan, ya jikin wance ta Batagarawa. Kafin mu kai kan tsani, rifos ɗin ya tsere ta taga.

Na koma na kwanta. Sallama. Mai neman haya. Na koma. Sallama. Wani wai ya zo wucewa ya ga bai kamata ya wuce bai gaishe ni ba. Na koma. Sallama. Tanko ne da awo a wuya, da 'yan majalisa biyu a bayansa.

"Na zo gwada ka. Su kuma sun zo ganin rifos. Kwanta mu gani."

Don in ilimantar da su, na kwanta na nuna musu. Suka tsaya a kaina suna kallo. Can Tanko ya ce, "Wanga ai kafin ka tashi mun ɗauko makara."

Suna fita, Khadija mai markaɗe da muke katanga ɗaya da ita ta tayar da inji. Gararar! Bango na rawa, katifa na rawa, haƙorana na rawa. Na zagaya na same ta, na ce cikin mutunci ta kashe injin nan saboda ina cikin wani muhimmin al'amari.

Ta nuna mini wata roba a layi ta ce, "Malam Babaji, ka ga waccan? Kayan miyan gidanka ne. In na kashe, rifos ɗin za ku ci da dare?"

Har labarin ya kai gidan mata ke nan.

Na dawo raina a ɓace. A nan ne dabara ta zo mini. Na ce wa Hajo, duk wanda ya sake sallama, a aika a ce masa ba na jin daɗi, jiki ne ya ɗan motsa.

Hajo ta ajiye muciya ta dube ni. "Malam, a garin ga? Ka ce ba ka da lahiya?"

"Wa zai dami majinyaci?"

"To," in ji ta. Wannan "to" ɗin nata da na saurare shi da kyau, da yau ba na rubuta muku wannan ƙorafi.

Da farko abin ya yi aiki. Mai sallama ya ji, ya ce ayya, ya juya. Na yi azahar da la'asar a ɗaki don kada a gan ni a masallaci ƙarya ta tonu. Ashe kowane mai juyawa ba gida yake tafiya ba, shela yake tafiya yi. Bayan magariba ina kwance na jiyo muryar Liman a lasifika: "Jama'a, ɗan'uwanmu Malam Babaji Dillali yana kwance ba lahiya. A sa shi cikin addu'a, kuma a daure a leƙa shi."

A leƙa shi! Ni da na yi shekaru ina zuwa dubiya gidajen mutane ina shanye musu lemo, yaya aka yi na manta?

Sahun farko daga masallaci suka wuto kai tsaye, Liman a gaba. Washegari tun da hantsi takalma suka cika zaure har suka kai bakin kwata. Kowa ya durƙusa: "Sannu Malam Babaji. Ya jiki?" In ce da sauƙi. "Allah ya ƙara sauƙi. Allah ya sa kaffara ne." In ce amin. Sannan ya gyara zama ya ba ni labarin wani da ya fara da irin wannan ciwo, yanzu shekararsa guda a ƙasa. Wani ya ce hawan jini ne, in ci tafarnuwa. Wani ya ce iska ce na taka a filin da nake sayarwa. Ladan ya kawo rubutu a kwalba, amma bai kawo tsanina ba.

Zan faɗi gaskiya, don ni ba na ƙarya sai da dalili: abin ya ɗan yi mini daɗi. Lemo, ayaba, kankana, gwangwanayen madara, suka taru a gefen katifa kamar na buɗe shago. Na ce a raina, ashe haka nake da jama'a! Ko Tanko ya kwanta ba zai tara rabin wannan ba. Sai na lura duk lokacin da na ɗan yi nishi, mai dubiya yana ƙara tausayawa, har ya fita ya sake aikowa da wani abu. To nishi ai ba saye ake ba. Na ɗan ƙara. Wani lokaci har in kama gefen ciki in ce, "Wash."

Ina cikin wani wash ɗin ne na ji Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida, na ji muryar da tun ina yaro nake tsoro.

"Ina yake? Ina ɗan'uwana? Shi ne ba a gaya mini ba sai a bakin mutane?"

Yaya Asabe ce, babbar yayata, daga Batagarawa. Ta shigo da ƙullin kaya a ka da buhun saiwoyi a hannu. Ba ta ko gaishe ni ba, ta sa yatsa ta ja fatar idona ƙasa.

"Shawara ce. Ta ci shi ta gama. Hajo, kina zaune miji na narkewa!"

Na ce, "Yaya, ai da sauƙi."

"Rufe mini baki."

Nan take ta kafa doka: ba mai, ba nama, ba madara, ba sukari. Kankana wai sanyi gare ta, ayaba wai nauyi. Ina kallo ta rabar da shagona kaf ga 'ya'yan masu dubiya, madara kuma ta tura cikin ƙullinta wai ajiya. Ta dafa mini wani jiƙo baƙi ƙirin, ta toshe mini hanci ta ɗura mini kamar jariri. Ta tafasa ganyen bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, ta zaunar da ni a gaban tukunya ta lulluɓe ni da bargo, ta zauna a kan gefen bargon don kada in gudu. Daga tsakar gida kuma ƙamshin miyar kaza ke shigowa, wadda Hajo ke dafa wa baƙi.

Na ga abin ya wuce wasa, ga Asabar ta matso. Na yanke shawarar in warke.

Ranar Juma'a da safe na miƙe zaune na ce, "Alhamdu lillahi, na warke sarai."

Yaya Asabe ta fashe da kuka. "Haka Baba ya ce! Haka ya ce da safe, har ya nemi fura, kafin azahar mun rasa shi!"

Masu dubiya suka girgiza kai. Wani ya ce, "Allah sarki, ƙarfin hali." Wani ya ce, "Namiji ke nan, ba ya nuna wa iyali."

A nan na gane ramin da na faɗa. A garinmu babu majinyacin da ke cewa jiki ya yi tsanani. Wanda ke numfashi da ƙyar ma in ka tambaye shi, da sauƙi zai ce maka. To ni da nake da sauƙin gaske, da wane baki zan faɗa a yarda? In na ce da sauƙi, a ce sannu. In na ce na warke, a ce ayya. In na miƙe tsaye, a kama ni a kwantar.

Na yi wa Hajo raɗa, "Ki gaya masu gaskiya mana."

Ta ce, "Ni in ce wa Yaya Asabe ta baro Batagarawa a banza? Kai ka haɗa, kai za ka gaya mata."

Ban iya ba. Yaya Asabe ta taɓa bi na da muciya har bakin kasuwa ina da gemu.

Bayan an sauko daga Juma'a, wadda aka hana ni zuwa, Alhaji Sagiru ya shigo tare da Tanko. Sun zo daidai lokacin da aka yaye mini bargon sirace. Gumi na zuba, idanu jajir, jiƙon Yaya kuma ya fara aiki, cikina na ƙugi kamar injin Khadija. Alhaji ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Subhanallahi. Babaji, haka abin ya zama? Kada ka sa maganar gobe a ranka. Lahiya ta fi komi. Tanko zai tahi a madadinka."

Na yunƙura. "Alhaji, wallahi lahiyata lau! Gobe da ni za a je!"

Ya dafa kafaɗata ya mayar da ni. "Na sani, na sani. Allah ya bar zumunci. Kwanta."

Tanko ya sunkuyo da fuskar tausayi, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Sannu. Ka samu ka yi rifos."

Na so in shaƙe shi, amma cikina ya riga ni yanke hukunci, sai da na nemi buta da gudu.

Ranar Asabar da hantsi Yaya Asabe ta ce jiƙo ya yi nasa, saura a cire mataccen jini. Ta aika aka kira Ɗanjuma Wanzami. Aka fito da ni tsakar gida daga ni sai wando, aka zaunar da ni a kan tabarma. Zaure kuwa cike yake da matan da suka zo dubiya. Ɗanjuma ya buɗe zabira, ya ɗora mini ƙaho a bayan kafaɗar dama ya zuƙa ya toshe, ya ɗora wani a hagu ya zuƙa ya toshe, suka kama fata gam.

"Bari fata ta taso tukuna," in ji shi, "sannan mu tsaga."

Ya zaro aska yana wasa ta a tafin hannu. Tana ƙyalli. A daidai lokacin na jiyo ana ɗaga murya a waje, ana rufe ƙofofin mota a ƙofar gidan Alhaji Sagiru. Masu neman aure za su tashi. Ga aska a bayana, ga kujerata za ta tafi Kambarawa ba ni.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Zaure a toshe da mata, tsani yana wurin Ladan. Na taka turmi, na kama katanga, na haye. Ni da na yi shekara ashirin ban tsallake ko kwata ba! Na dira gidan Khadija, kuma ban dira ko'ina ba sai tsakiyar layin markaɗe. Bokitin tumatir da tattasai da aka gama niƙawa ya tashi sama ya dawo a kaina. Mata suka watse suna salati. Attaruhu ya shige mini ido. Na laluba ƙofa na faɗa titi da gudu.

Ku auna abin da mutanen unguwa suka gani: majinyacin da aka yi wa addu'a a lasifika, ba riga, ja wur tun daga kai har cibiya, ƙaho biyu a tsaye a gadon baya, yana gudu yana ihu, "A tsaya! A tsaya!" Bayansa Yaya Asabe da mayafi a hannu tana kururuwa, "Ku kama shi, ciwon ya hau kansa!" Bayanta Ɗanjuma yana cewa, "Ƙahona! A bi mini ƙahona a hankali!" Bayansa Khadija da bokiti wayam.

Na isa gaban motar farko na baje hannuwa. Dattawa suka firfito. Liman ya fara karanto addu'a yana tofa mini. Samari suka rirriƙe ni.

"Wanzami ya yanke masa jijiya!" in ji wani.

"Tumatir ne!" na ce. "Ku ɗanɗana!"

Ladan ya sa yatsa ya lasa. "Da attaruhu," ya tabbatar.

Sai ga Tanko ya fito daga gidan gaba na motar, cikin shaddata ruwan sararin samaniya, tana ƙyalli, ya kafa hula irin kafina.

Alhaji Sagiru ya ce, "Babaji, don girman Allah koma ka kwanta."

Na ga in ban faɗa yanzu ba, aska na jirana. Na ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi zai ji: "Jama'a, ƙarya nike! Ban taɓa ciwo ba! Ko ciwon kai ban yi ba! Rifos nike nema kuka hana ni da sallama, shi ne na ce a ce ba ni da lahiya!"

Yaya Asabe ta ce, "Kun ji ko? Sambatu ya fara."

Allah ya yi wa Hajo albarka, ko da yake ta makara. Ta leƙo daga ƙofar gida ta ce, "Yaya, gaskiya ya faɗa. Lahiyarsa lau. Daren jiya ma cinyar kaza ya sata a tukunya."

Wannan shaida ba na cikin abin da na roƙe ta, amma ita ta wanke ni.

Jama'a suka dubi juna. Sannan Liman ya ce, "To addu'ar da muka yi ta yi fa, Malam Babaji?"

"Tana nan, Allah gafarta Malam, ba ta lalacewa. In na yi ciwon gaske sai a cire daga ciki."

"Kankanata fa?" in ji wani daga baya.

"Tambayi Yaya."

Yaya Asabe ta yafa mayafinta. Ta tako a hankali, ta kama ƙahon dama ta fizge, fok! Ta kama na hagu, fok! Ta miƙa wa Ɗanjuma, ta juya. Wannan ya fi mari ciwo.

Na juya ga Tanko. "To an ji na warke. Cire mini rigata."

Ya buɗe hannuwa ya juya a gabana kamar amarya. "Ko na cire, iyakarta gwiwarka. Jiya da Alhaji ya ce ni zan tahi, na rage ta. Abin da na yanke yana shago, ya isa a yi maka hula."

Titi ya ɗauki dariya, har da Liman yana rufe baki da carbi. Alhaji Sagiru ya dube ni sama da ƙasa, tumatir na ɗiga daga gemuna, ya ce, "Babaji, ko da rigar ta yi maka, a haka zan kai ka gidan 'yan boko? Je ka yi wanka." Suka shiga mota suka tafi.

Da yamma labari ya dawo. Wai da aka zauna, Tanko ya gyara babbar riga, ya lumshe ido, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne ɗanmu Mudassir ya samu rifos a wannan gida mai albarka." Wai Dakta ya yi dariya har da tafawa, ya ce ina ya samo wannan kalma. Tanko ya ce, "A unguwarmu ai ta zama ruwan dare. Akwai ma wanda ya kusa rasa ransa a kanta." Aka ba su Halima, aka cika su da kaji. Kalmata, rigata, kujerata, kajina.

Washegari babu wanda ya yi mini sallama. Ko ɗaya. Yaya Asabe ta koma Batagarawa da fushi da madarata. Khadija ba ta tayar da inji ba, ta tafi kasuwa sayo wa mutane kayan miyan da na yi wanka da su. 'Yan majalisa in sun zo wucewa sai su tsallaka ɗaya gefen titi, wai kada su dame ni. Gida ya yi tsit, unguwa ta yi tsit.

Na shiga ɗakin zaure na kwanta rigingine, na harɗe hannuwa, na lumshe ido. Ga shi nan ya zo, rifos na gaske, irin na littafi. Jiki ya kwanta, babu hayaniya.

Wallahi ba daɗi. Kamar an manta da mutum a tasha. Na juya dama, na juya hagu, na kasa kunne ko wani zai zo aron wani abu. Ko akuya ba ta yi kuka ba. Na tashi na leƙa ɗakin Hajo, na same ta kwance tana fifita.

"Hajo, taso mu yi hira."

"Ina rifos."

"To amsa mini tambaya ɗaya. Wai wa ya jawo mini duk wannan wulaƙanci?"

Ba ta ko buɗe ido ba. "Nemo wanda ya ce a ce ba shi da lahiya."

Na koma zaure na zauna ina bin unguwar gida gida a raina, ina neman wanda zan maka a kotu. Na biya ta kan Liman, na ga addu'a ya yi mini. Na biya ta kan Yaya, na ga kuɗin mota ta kashe ta zo. Ko Tanko, da na auna, riga aka ba shi ya rage. Duk lungun da na bi sai in ɓullo a ƙofar gidana, in tarar da mutum ɗaya zaune da shaidar ƙaho biyu a baya.

To, ni ne. Na janye ƙarar.

Amma yanzu da yara ke bi na a layi suna kiran Babaji Rifos, har mai shayi ya rubuta ta a jikin teburinsa, ina so a sani, kuma a gaya wa Tanko: kalmar nan ni na kawo ta Ƙofar Sauri, a kan babur ɗina.